Bindigar Kakana a Gaban Alƙali

Ni ban taɓa harba bindiga ba. Ko tsuntsu ban taɓa kashewa ba, in ka ɗauke kajin da nake yanka wa matata. Direban dabbab ne ni, ƙaramar motar nan ta ɗaukar kaya. Shekara talatin ina kwasar buhunan shinkafa da kwalayen kayan yaji daga shagunan Balad, tsohuwar unguwar kasuwa ta Jidda, ina kai wa masu su. Amma wata bakwai na yi ana shari'a da ni a kan bindiga, kuma saura ƙiris a ɗora ni a jirgi a kai ni ƙasar da ban taɓa takawa ba.

A Jidda aka haife ni. A nan aka binne ubana, a nan aka binne kakana. Duk da haka ba ni da jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa. Lokacin da ake rubuta mutane, ubana ya ce shi baƙo ne, baɗi zai koma gida. Baɗin nan bai zo ba har aka kai shi makwancinsa. Ya bar ni da fasfon Najeriya da iƙama, takardar zaman baƙo, da ake sabuntawa duk shekara. Mai iƙama kuwa, in alƙali ya same shi da babban laifi, bayan ya gama zaman kaso sai tarhil: a fitar da shi daga ƙasar, kada ya dawo. Wannan kowannenmu ya san shi tun yana yaro.

Bindigar ta kakana ce. Adaka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Doguwa ce, in na tsayar da ita tana kai mini haɓa. Kakana maharbi ne a dajin ƙasar Bauci. Ya taso da ƙafa da iyalinsa zuwa aikin hajji, ya yi shekaru a gonakin audugar Sudan yana neman guzuri, sannan ya ƙetaro teku da ita a naɗe cikin tabarmi. Gindinta ya yi baƙi ƙirin saboda riƙo, an ɗaura mata layu uku, bakinta kuma an rufe shi da jar fata an ɗinke. Dokar gidanmu ita ce ba a buɗe bakin nan sai za a yi harbi. Tunda ba mai yin harbi a Jidda, ba wanda ya taɓa buɗewa. Tari-ɗaya ake ce mata.

Aikinta ɗaya ne a wurinmu. In an haifi namiji, ranar suna bayan an yanka rago, babban gida ya fito da ita, a ɗora hannun jaririn a kan gindinta, ya yi mata kirari. An yi wa yayana marigayi, an yi mini. Ni kuwa Allah ya ba ni 'ya'ya huɗu, duk mata, na gode masa. Shekara ashirin da wani abu bindigar tana jingine a bayan dulab, kabad ɗin kayanmu, sai dai in ciro ta lokaci lokaci in goge ta da man zaitun in mayar.

Sai babbar 'yata ta haifi namiji. A ƙa'ida ɗan ɗa ake yi wa, ba ɗan 'ya ba. Na ce jini jini ne, ni dai na gaji da jira.

Matata ta ce, "Malam, ƙasar nan ba ta wasa da irin wannan. Zamanin babanka daban, yanzu daban."

Na ce, "A cikin gidana ne. Wa zai gani?"

Ta ce, "Kowa yana da ido a aljihunsa yanzu."

Ban saurare ta ba. Da hantsi aka yi sunan, a saman benen da muke haya a Madain Fahd. Maza kamar ashirin a kan darduma, ana shan shayi ana cin masa, mata sun cika bakin ƙofa. Na fito da ita a kan hannu biyu. Aka kawo jaririn, na kama ɗan hannunsa na ɗora. Na ɗaga murya yadda na ji ubana yana yi:

"Tari-ɗaya, ba a sake tambayarki! Mai baki ɗaya, magana ɗaya. Ɓauna ta ji ki ta durƙusa, gwanki ya ji ki ya manta hanyar ruwa. Ta maza, ba ki kwana da yunwa!"

Muryata ta yi rawa, ba zan ɓoye ba. Wasu tsofaffi biyu da suka san ubana suka share hawaye da bakin gutura, ƙyallen da maza ke yafawa a ka. Ranar na ji ni wani ne. Wata daga cikin dangin surukina ta ɗauke ni hoto a jawwal ɗinta, wato wayar hannu, ta sa a inda ake sawa kowa ya gani. Ban san ko wace ce ba, ban kuma nemi in sani ba. Ba da mugunta ta yi ba.

Kwana uku bayan haka, ina cin abinci bayan azahar, aka buga ƙofa. 'Yan sanda ne su uku. Babbansu saurayi ne mai ladabi, bai kai babbar 'yata shekaru ba. Ya nuna mini jawwal, yana kira na ammi, wato baffa.

"Ya ammi, kai ne wannan?"

"Ni ne."

"Ina makamin?"

Na shiga na ɗauko ta na miƙa masa. Ya karɓa da hannu ɗaya, kamar tsintsiya. Wannan ya ɓata mini rai tun kafin mu bar gida.

A ofishinsu ya zaunar da ni, ya sa aka kawo mini ruwa, ya soma tambaya yana rubutawa. Ta wace ce, na ce tawa. Daga ina, na gaya masa. Ya ce tana da tasrihi, wato takardar izini? Na ce ta girmi tasrihi. Ya yi ɗan murmushi. Sai ya ce:

"Tana harbi?"

To, a nan na yanka wa kaina. Wanda ba jikan maharbi ba ba zai gane ba. A gidan maharba ba a cewa bindiga ta mutu, ko da tsatsa ta cinye ta. Kamar a tsayar da kai a kasuwa ne a tambaye ka ko ubanka namiji ne. Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga ya tafi.

"Tana harbi mana. Ɓauna nawa ta kayar kafin a haifi kakanka."

Ya ajiye alƙalami ya dube ni. Har yau ina yi wa saurayin nan addu'a, don ya buɗe mini ƙofa, ni na ƙi fita. Ya ce, "Ya ammi, ka yi tunani. Tsohon ƙarfe ne wannan. Abin da ka faɗa shi zan rubuta."

Da bai ce tsohon ƙarfe ba, wataƙila da na yi tunanin. Na ce, "Rubuta."

Ya rubuta. Na dangwala yatsa.

Kwana tara na yi a tsare. Ba a dake ni ba, ba a zage ni ba, sai sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, da ya shiga mini gwiwa har yau bai fita ba. Surukina yana da jinsiyya, shi ya tsaya mini aka sake ni in jira shari'a a gida.

Lauyar da ta karɓi maganata 'yar wani tsohon maƙwabcinmu ce. Tana ƙarama na sha ɗora ta a bayan dabbab in kai ta makaranta in ubanta ya makara. Yanzu ga ta da ofis a hawa na uku a Bagdadiyya, da tebur da ya fi gadona faɗi. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai ta karye, rabi Hausa rabi Larabci. Ta buɗe takardu ta daɗe tana karantawa.

"Kawu, da bakinka ka ce tana harbi?"

"Da bakina."

"Ya Allah. Lesh, Kawu? Don me?"

Ta ce akwai abin da ya fi wannan muni. Masu binciken makamai sun yanke fatar bakin, sun zura sandar ƙarfe a ciki don su auna, sandar ta tsaya saura kamar taƙi ɗaya ta kai ƙasa. A irin wannan bindiga, in sanda ta tsaya haka, ma'anarsa akwai albarushi da harsashi a ciki. Suka haɗa da abin da na faɗa, suka rubuta cewa a ɗure take. Tuhumar ta zama uku a dunƙule: makami ba izini, a ɗure, an fito da shi cikin taro kusa da jariri.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Da na ji haka, daɗi na fara ji. Na ce a raina, ashe tsohon nan a ɗure ya bar ta. Shekara saba'in tana jiran a taɓa kunamarta.

"Kawu, murmushi kake yi? Wannan kurkuku ne, bayansa tarhil. Fahimt?"

Murmushin ya tafi.

Kafilina, wanda iƙamata ke ƙarƙashin sunansa, tsohon ɗan kasuwa ne mai shagon shinkafa a Balad, tare muka tsufa da shi. Ya ja ni bayan buhuna ya ce, "Ka saurare ni. Ka ce ta yayanka ce, ya mutu ya bar ƙunshi a gidanka, ba ka san me ke ciki ba sai ranar. Matacce ba a yi masa tarhil."

Na ce, "Ya bar 'ya'ya uku, su ma da iƙama suke zaune. In cire wuta daga rigata in sa a tasu?"

"To ka ce a bola ka tsince ta."

"Bindigar kakan nawa?"

Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Kai kanka dutse ne. Yalla, je ka loda."

Zaman farko ta allon kwamfuta aka yi, muna ofishin lauya, alƙali yana can a mahkama, wato kotu, fuskarsa kamar tafin hannu. Mai gabatar da ƙara ya karanta abin da ya karanta. Alƙali ya ce da ni, "Taka ce?"

"Tawa ce, ya shekh."

"Ka san a ɗure take?"

"Ban sani ba. Amma ban yi mamaki ba."

Lauya ta rufe ido ta dafe goshi. Aka ɗaga zaman wata guda.

A watan nan na yi aiki kamar kullum, don ciki ba ya jiran alƙali. Sai dai na soma kallon abubuwan da shekara talatin ina wucewa ban kalla ba. Tagogin katakon nan na tsofaffin gidajen Balad, mai ful, dafaffen waken nan, da ke bakin lungu wanda ya san ba na son yaji da yawa, masallacin da nake ajiye dabbab a inuwarsa. Ina lissafin me zan yi a Bauci. Ban san kowa ba. Sunan ƙauyen kakana kawai na sani, ban ma san ko yana nan ba. Sababbin zuwa daga Najeriya dariya suke yi wa Hausata, wai ina magana kamar tsohon da ya farka daga barcin shekara ɗari. Mutum mai shekara hamsin da huɗu da ciwon gwiwa, a ina zai fara?

Muna da gwaggo, yayar ubana, ta haura tamanin. Tana zaune wurin 'yarta a wata unguwa can kudu. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka yi tafiyar ƙafa. Mun ɓoye mata maganar saboda hawan jini. Amma mata sun je gaisuwar mutuwa, a can ta ji. Ta aiko a kira ni. Na sauke kaya da safe na wuce.

Na same ta a kan gado da carbi, idonta ya yi fari amma kunnenta garau. Tun daga takuna ta gane ni.

"Shigo, maharbin kaji."

"Gwaggo, barka da hantsi. Ya jiki?"

"Riƙe gaisuwarka. A gidan makoki zan ji labarin ɗan ƙanena? Na mutu ne ba a gaya mini ba?"

Na durƙusa a gaban gadonta.

"An ce ka gaya wa askarawa tana harbi."

"Na faɗa."

"Ka taɓa jin ta yi?"

"A'a."

"Ubanka ya taɓa ji?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Bai taɓa ba. Yana goye a bayan innarmu. Ni kaɗai na rage a duniya da na ji tarinta, sau ɗaya kuma na ji. Matso, ba na iya ɗaga murya."

Ta ce a Sawakin ne, bakin teku, suna jiran jirgin da zai ƙetare da su. Tana da shekara bakwai ko takwas. Wata safiya kakana ya ce ta ɗauki goran ruwa ta biyo shi. Suka yi nisa da mutane, ya juya bakin bindigar wajen teku ya harba. Ta ce har ta saki goran. Daga nan ya kai ta wurin wani maƙeri mai yi wa masunta aiki. Maƙerin ya narka dalmar da ake ɗaura wa koma, ya tsayar da bindigar, ya zuba mata a baki. Kakana yana tsaye yana kallo har ta huce. Maƙerin ya ce masa ya yi asara, da ya sayar masa da ita. Kakana ya ce ƙasar da za su, a haraminta ko ciyawa ba a cirewa, balle a zub da jinin dabba. Ya ce kisan da ya yi ya isa, ba zai shiga wurin Allah da abin kisa ba. Jefar da ita kuma ba zai iya ba, don ita ta ciyar da su a hanya tun daga gida. Da hannunsa ya ɗinke bakin da fata, shi ya kafa dokar kada a buɗe.

Gwaggo ta ce, "Ya ce da ni, kada ki gaya wa maza. Namiji in ya san bindigarsa ba ta harbi, ba zai iya yi mata kirari ba."

Na ce, "Shekara saba'in, Gwaggo? Kina kallon babana yana kirari, kina kallona?"

"Ina kallo. Kun iya kuwa. Kai ma ranar sunan nan ba laifi, sai dai ka tsallake baiti ɗaya."

"To me ya sa yau kika faɗa?"

"Alkawari na riƙe wa ubana, ba hauka ba. Bai ce in zuba ido a kwashe jikansa a jirgi ba. Tashi ka je ka gaya wa yarinyar nan mai karatu. Ka kuma sayo mini lemun tsami in za ka dawo, na gidan nan duk sun bushe."

Ban je wurin lauya ba ranar. Washegari ma ban je ba. Wani zai ce wannan wauta ce, an miƙo maka igiya kana cikin rijiya kana tunani. Haka ne. Amma ni abin da nake gani shi ne in tsaya gaban hukuma, a rubuce, in ce bindigar gidanmu matacciya ce, kirarin ubana iska ne, hawayen tsofaffin nan a kan bututun dalma suka zuba. Wallahi a kwana biyun nan kurkuku ya fi mini sauƙi a rai.

Na gaya wa matata a rana ta biyu, tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba.

"Ka gaya wa lauya?"

"Tukuna."

"Me kake jira?"

"Ba ki gane ba. Mutuncin gida ne."

Sai ta ajiye faranti. "Malam, kai za ka tafi da mutuncin gida a jirgi, mu a bar mu da me? Kakanka da ya yi harbin gaske ya iya tsayawa ya ga an toshe ta. Kai da ba ka taɓa harba ko roba ba, faɗa kawai aka ce ka yi."

Maganar ta yi zafi, amma ta shiga. Na zauna ina tunanin mutumin nan a tsaye a maƙera, a ƙasar da ba tasa ba, ba ko sisi, da mace da 'ya'ya biyu, yana kallon sana'arsa tana hucewa. Ba wanda ya tilasta shi. Ni duk rayuwata ɓaunan da ya kashe nake ba da labari. Ban san ya yi abin da ya fi wannan wuya ba.

Da safe na hau benen Bagdadiyya da gwiwata mai ciwo. Lauya ta ji labarin, ta miƙe tsaye, ta ce, "Kawu! Min jidd? Da gaske?" Ta rubuta takarda tana roƙon a sake binciken bindigar. Mai gabatar da ƙara ya ce ba buƙata, mutum ya amsa da bakinsa. Alƙali ya ce a sake. Muka jira wata biyu da 'yan kwanaki. Kullum da tunanin ko Gwaggo ta ruɗe ne, ko abin da ta gani tana 'yar shekara bakwai ba haka yake ba. In aka duba aka sami albarushi, na zama maƙaryaci a kan laifina.

Zaman ƙarshe an ce in zo da kaina. Na sa farar tob ɗina, doguwar rigata ta Juma'a. Dogon baranda, kujerun ƙarfe, mutane kowa da takardunsa a hannu ba mai kallon wani. Da aka kira mu, abin da na fara gani bindigar ce, a kwance a kan tebur, an ɗaura mata wata 'yar takarda mai lamba. Ba fatar. Ranar na fara ganin bakinta, ɗan rami ne baƙi, bai kai yadda nake zato ba.

Alƙalin bai kai ni shekaru ba, da tabarau, mai magana a hankali. Ya karanta sabon rahoto. Dalma ce, tsohuwar zubi, ta cika gindin bututun har da ƙaramar kafar da wuta ke shiga. Ba albarushi. Ba a iya cire ta sai an fasa ƙarfen.

Ya dube ni ta saman tabarau. "A gaban 'yan sanda ka ce tana harbi. Yau me ka ce?"

Lauya tana gefena, ina jin numfashinta. Na ce, "Ba ta harbi, ya shekh."

"Ɗaga murya, magatakarda bai ji ba."

"Ba ta harbi. Tun kafin ta shigo ƙasar nan ba ta harbi."

"To me ya sa ka ce tana yi? Ka san wata nawa ka cinye wa hukuma?"

Na ce, "Ya shekh, ni ban yi karatu mai yawa ba. A gidanmu ba a cewa bindiga ta mutu. Haka na ji ubana yana yi, haka na yi. Ban san an toshe ta ba. Na yi alfahari da abin da ban sani ba, wannan laifina ne. Amma tawa ce, ban ce ta wani ba ce, ba zan kuma ce ba."

Ya tambayi wanda ya zuba dalmar. Na ba shi labarin yadda Gwaggo ta ba ni, da Larabcina na kasuwa, ban ƙara ba ban rage ba. Da na kai wurin da kakana ya ce ba zai shiga wurin Allah da abin kisa ba, na ga magatakarda ya daina bugawa ya ɗago kai. Muryata ba ta yi rawa ba wannan karon. Na faɗe shi a tsaye, a gaban alƙalin ƙasar, cewa wannan baƙin mutum da ya zo da ƙafa daga Bauci kakana ne.

Alƙali ya cire tabarau. Ya ce, "Allah ya jiƙan kakanka. Ya fi ka hankali."

Na ce, "Nesa ba kusa ba, ya shekh."

Har mai gabatar da ƙara sai da ya sunkuyar da kai yana dariya.

Hukuncin bai yi tsawo ba. Bai tabbata cewa na riƙe makami mai harbi ba. Zan sa hannu a takardar alkawari cewa ba zan ƙara fito da irin wannan cikin taro ba. Bindigar za ta zauna a hannun hukuma har wanda ya cancanta ya nemo mata takardar kayan tarihi. Surukina ya nema, har yanzu muna jira. Na fita na bar ta a kan teburin, ban taɓa ta ba, ba a ba ni izini ba.

Lauya ta ce kada in yi murna tukuna, ɗaya ɓangaren yana da kwanakin da zai iya ɗaukaka ƙara. Na ci gaba da lodi ina ƙirga kwanaki. Ranar da suka cika ina cikin Balad, buhu a kafaɗa, jawwal ya yi ƙara. Ta ce, "Halas, Kawu. Ba su ɗaukaka ba. Kana nan." Na ajiye buhun a hankali na zauna a kansa. Kafilina ya leƙo ya ga fuskata, bai tambaye ni komai ba, ya ce in tafi gida in dawo bayan la'asar.

Na tarar da matata a ɗaki a durƙushe, tana jawo akwatuna daga ƙarƙashin gado. Lauya ta riga ta kira ta. Akwati biyu manya, cike, a ɗaure da igiya. Ban taɓa sanin suna wurin ba. Ta kwance na farko. Tufafina ne, da maganin gwiwa na wata shida, da takardun haihuwar yara, da hoton ubana. Na biyu nata ne.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka sako ka."

"Ke ina za ki?"

"Wa zai dafa maka a can? Kai da ko shayi ba ka iya haɗawa."

A ƙasan akwatina akwai wata rigar sanyi mai kauri, sabuwa, ruwan toka, ba a ko cire takardarta ba. Na ɗaga ta.

"Wannan fa?"

"An ce can ana sanyi."

"Sai ki mayar wa mai shago."

"Ba ya karɓa, na tambaya tun ranar da na saya. Ka sa ta in ka kunna mukayyif. Matsa mini, ka tsaya a kan igiya."

Na matsa. Ta ci gaba da fito da kaya tana jerawa a dulab, ni kuma na zauna a bakin gado da rigar a cinyata har aka kira la'asar. Akwai buhu arba'in da ke jirana a Balad.